Dogo Babu Gajere

Auta tana zaune a gaban keken ɗinkinta, allura biyu a bakinta, tana kokawa da hannun wata riga da ya ƙi zama daidai, sai wayarta ta shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Saƙo na korar saƙo. Ta yi tsaki, ta zare alluran ta soke su a jikin labule, ta jawo wayar. Guruf ɗin dangin mijinta ne, wanda aka sa ta ciki tun satin da ta shigo gidan, wata takwas ke nan.

Bidiyo ne, kuma Anti ce ta saka, babbar yayar mijinta. Auta ta danna.

Kicin ɗin Umma surukarta ta fara gani. Kasko a kan risho, mai ya kama da wuta, harshen bai fi tsawon hannu ba, wata ta kifa masa murfi ya mutu nan take. Sai kyamarar ta juya bakin ƙofa. Ga mijinta a tsugune, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, jikinsa na karkarwa, yana kuka yana faɗin, "Ku fito da shi! Yana ciki, ku fito da shi!" A bayan kyamarar ana jin dariyar Anti har da shessheƙa. A ƙasa ta rubuta: "Jama'a, ga ɗan kwana-kwanan gidanmu! Wutar kasko ta sa shi kuka. Allah Ya kiyaye gari ya kama!"

Fuskokin dariya suka jeru reras a ƙarƙashi, 'yan'uwa da 'ya'yan 'yan'uwa, kowa na tofa tasa.

Auta ta sake danna bidiyon. Sau uku ta kalla, kowane kallo zuciyarta na ƙara tafasa.

Mijin nata shekararsa bakwai a aikin kashe gobara. A ofis Dogo ake ce masa, saboda sai ya sunkuya yake shiga motar kwana-kwana, kuma saboda amininsa da ake kira Gajere. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, kabad ɗinsu na jere, kwano ɗaya suke ci, in ka ga ɗaya ka waiga za ka ga ɗayan. Gajere ne ma ya riƙa rako Dogo zance wurin Auta, yana zama a kan babur yana danna hon idan hirar ta yi tsawo, yana cewa, "Malama, a taimaka a sako mana shi, gari ba zai jira soyayyarku ba!"

Sati shida da suka wuce wani babban sito na katifu ya kama da wuta. Su biyu suka shiga da tiyo ɗaya, Gajere a gaba, Dogo a bayansa da taku uku. Rufin ya rufto. Dogo aka janyo, Gajere sai washegari aka fito da gawarsa.

Tun daga ranar nan mutumin da Auta ta aura ya zama kamar hotonsa. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai ta yi da gaske, ko ashana aka ƙyasta kusa da shi sai ya zabura. Ogansu na ofis ya ba shi hutu ya ce ya je ya warware, kamar mai zazzaɓi. Ranar bidiyon ma ita ce ta lallaɓa shi ya je ya gaishe da Umma ko ya ɗan sha iska, ga abin da iskar ta jawo.

Nan take ta kira Anti.

"Anti, ki goge bidiyon nan yanzu-yanzu!"

"Iye! Ba sallama ba gaisuwa? To sannu, uwar masu gida. Ƙanena ne, ni na goya shi a bayan nan, in na ga dama in tsokane shi."

"Ba shi da lafiya, Anti. Kin san abin da ya sami abokinsa."

"Shi ya fara rasa aboki a duniya? Mu da muka rasa uba ba mu tsuguna a bakin kicin muna kuka ba. Ke kika lalata shi! Namiji tsayayye ya shiga hannunki wata takwas ya koma haka, ai mu ya kamata mu tambaye ki abin da kike ba shi!"

Ƙit, ta kashe wayar.

Dogo ya dawo gida. Ya zauna a bakin gado ya zuba wa ƙasa ido. Auta ta durƙusa ta cire masa takalmi, hawayenta na ɗiga a kan safarsa.

"Yallaɓai, na gani."

"Ki bar ta, Autata. Wasa take." Muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Kafin kwana biyu wasan ya tsallake katangar dangi. Wani ya tura wa wani, wani ya ɗora masa kiɗa. Mai shagon bakin layi ya tare Auta yana danne dariya, wai ya jikin maigida. Masu kawo ɗinki suka riƙa leƙen ƙofar ɗaki ko za su hango shi. Har ofishinsu bidiyon ya je.

A rana ta uku Umma ta aiko su zo. Suka tarar da ita a falo a kan darduma, Anti a kujera tana kaɗa ƙafa tana latsa waya. Auta ta durƙusa ta gaishe su. Umma ta amsa a ciki-ciki.

"Ba doguwar magana ba ce," in ji Umma. "Yaron nan lafiyarsa ƙalau na aurar da shi. Yanzu ya zama abin nuni a gari. An ce mini tunda kika shigo abubuwa suke ta faruwa. Ki je gidanku ki huta, shi kuma ya dawo nan mu nema masa magani. In ya warke ma ga abin da ya dace."

"Umma, wallahi ban—"

"Rufe mana baki!" Anti ta daka mata tsawa. "Ana magana kina magana?"

Dogo ya ɗago a hankali. "Umma, ki yi haƙuri. Idan ta tafi, ban san dalilin da zai sa in buɗe ido da safe ba."

Umma ta dube shi, kamar maganar ta taɓa ta. Anti ta tafa hannu. "Kin ji ko, Umma? Kin ji irin abin da nake gaya miki? An gama da shi!"

"Na ba ka sati ɗaya," Umma ta ce. "Ka zaɓa, ko maganata ko tata."

Anti ta biyo su har bakin get tana murmushi. Auta ta bari Dogo ya yi gaba, ta juyo ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Anti, na rantse da Wanda raina ke hannunSa, sai kin ɗanɗani abin da ya ɗanɗana. Sai an yi miki dariya a inda kike tsoron a yi miki."

"Ke ɗin banza! 'Yar ɗinki!"

Auta ba ta ƙara ba, don tun a falon ta tuna abin da take da shi. Farkon aurenta ita ke yi wa Anti ɗinki, kuma Anti ba ta iya rubutu mai tsawo ba, sai saƙon murya. Takan fara da zancen sitayil ɗin riga, ta zarce zancen gidan aurenta. A ciki ta kira uwar mijinta tsohuwa mai baki kamar reza. A ciki ta kira mijin da kansa solobiyo. A ciki ta ba da labarin yadda ta yi ƙaryar ciwon baya har wata guda don kada ta yi jinyar tsohuwar a asibiti, tana faɗa tana dariya. Duk suna cikin tsohuwar wayar Auta, wadda ta faɗa bokitin wanki ta mutu, take kwance a ƙasan akwati.

Washegari da safe ta ɗauke ta sai kasuwar 'yan waya. Mai gyara na farko ya juya ta ya ce ta zama gawa. Na biyu ya ce sai an sauya sikirin da batir, ta dawo gobe. Da ta koma washegari, ya ce ta ƙara kwana ɗaya. A tsakani ta bi ƙawaye da ƙawayen ƙawaye har ta tara lambar uwar mijin Anti, da ta mijin, da ta ƙannensa mata uku, waɗanda dama kamar jira suke. Ɗinki ya taru ba ta taɓa ba. Ko tana cin abinci lissafin take: wa za ta fara tura wa, wane saƙo ne zai fi zafi, da wace fuska Anti za ta dawo gidan Umma da akwatinta. Har murmushi take ita kaɗai.

A cikin kwanakin nan uku Dogo ya canza. Ya tashi ya yi wanka, ya ci abinci ba a roƙe shi ba. Ya gyara famfon kicin da ya daɗe yana ɗiga, ya sa wa ƙofar ɗaki mai ta daina ƙara. Ya kira ta ya nuna mata yadda ake ɗaura kan tukunyar gas, ya sa ta yi sau biyu a gabansa. Takalminsa na fita unguwa, wanda yake ji da shi, ya ba maigadin layi. A rana ta uku da za ta fita ya riƙo hannunta yana murmushi.

"Autata, duk abin da na taɓa yi miki ki yafe mini."

"Kai, Yallaɓai! Me ka yi mini? Alhamdulillahi, ka fara warwarewa. Bari in je in dawo, akwai albishir." Ta zare hannunta ta fice, hankalinta na kasuwa.

Wayar ta tashi. Saƙonnin suna nan, goma sha ɗaya cif. Auta ta saurare su a cikin motar haya da abin kunne, ta dawo gida bayan la'asar tana jin kanta kamar wadda ta ci yaƙi. Dogo ba ya nan. A ƙofar gida ta tarar da wani dattijo mai furfura a kan benci, Baba Direba, wanda ke tuƙa motar su Dogo, shekararsa kusan talatin a aikin.

"Baba, sannu da zuwa! Shigo mana. Ga shi kuma ya fita."

"Wurinki na zo, 'yata." Ya buɗe tafin hannunsa. Ɗan ƙaramin makulli ne. "Na kabad ɗinsa ne na ofis. Ɗazu da hantsi ya zo, ya bi kowa ya gaisa, ya ba ni wannan ya ce ba zai ƙara buƙatarsa ba. Na ce ajiye aiki za ka yi? Ya yi murmushi kawai. A gida fa, me kika gani kwanakin nan?"

Ta faɗa masa da fara'arta: famfo, ƙofa, gas, takalmi, neman yafiya. Tana faɗa fara'ar na zubewa, don fuskar dattijon ƙara duhu take.

"Shekara goma sha biyu da suka wuce," in ji Baba, "wani abokin aikinmu ya yi mana irin wannan sallamar bayan wata gobara. Muka ce ya warware. Ba mu tambaye shi komai ba. Har yau ina ganin fuskarsa. 'Yata, ina tsoron mijinki yana shirin rabuwa da ransa ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ta zube a bakin ƙofa. "Baba, ba zai yi ba! Yana salla, yana—"

"Wancan ma yana salla. Ciwo ne, ba ya duba wannan. Kira shi yanzu."

Wayar ta yi ƙara sau huɗu, kowace ƙara kamar shekara. Ya ɗauka. Ya ce daga gidan Umma yake, ya je gaishe ta. Auta ta danne kukanta ta ce ya zo gida kai tsaye, tana buƙatarsa. Ya ce to.

"Idan ya zo ki tambaye shi ƙarara," Baba ya ce. "Ki kira abin da sunansa."

"In kuma ni na sa masa tunanin fa?"

"Tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunani. Wanda yake ciki jira yake a tambaye shi. Kada ki yi ihu, kada ki yi masa wa'azi, kada ki ce ya ji kunya. Ki saurara kawai. Ina nan waje, ba inda za ni."

Dogo ya shigo, ya ga Baba, ya ga idanun matarsa, ya sunkuyar da kai. Ta ja shi ɗaki ta zaunar da shi, ta riƙe hannuwansa biyu.

"Yallaɓai, zan tambaye ka, don Allah ka gaya mini gaskiya. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"E," ya ce.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage da ita, amma ta cije leɓe ta ƙara damƙe hannunsa. "Gaya mini. Ina ji."

Maganar ta ɓalle masa kamar ruwan da aka daɗe da tarewa. Ranar gobarar shi ne ya kamata ya riƙe kan tiyo a gaba, abin shaƙar iskarsa ya ɗan ba shi matsala, Gajere ya ce, "Matsa, dogon banza, yau ni ne oga," ya wuce gaba yana dariya. Wannan bai taɓa gaya wa kowa ba. Duk sanda ya rufe ido sai ya ji ƙarar rufin. Ga matar Gajere da 'ya'ya biyu, ya kasa haɗa ido da su. Ga gari na yi masa dariya. Ga Umma za ta raba shi da matarsa, ko ya saɓa wa uwa ko ya zalunci mata.

"Na zama kaya a kan kowa, Autata. Na ga kamar in ba na nan kowa zai huta."

"Ni ba zan huta ba," ta ce, hawaye na bin fuskarta. "Wallahi ba zan huta ba har abada. Ban san maganin abin nan ba, amma akwai waɗanda suka sani, kuma yau za mu je wurinsu. Ba zan sake hannun nan ba sai mun je."

"Za a ce na haukace. Su ƙara samun na dariya."

Daga bakin ƙofa Baba Direba ya yi gyaran murya. "To sai a ce mu biyu muka haukace. Bayan rasuwar wancan abokin namu shekara guda na yi ina ganin likitan ƙwaƙwalwa, duk ranar Talata. Ka taɓa ganin na tuƙa ku cikin kwata? Tashi, ɗana, mota na waje."

Likitar da suka gani mace ce mai sanyin murya. Ta daɗe da Dogo su biyu, sannan ta kira Auta. Ta ce abin da ke damunsa sananne ne ga masu aikin ceto, yana da suna, yana da magani, kuma yana warkewa, sai dai ba a rana ɗaya ba. Ta tsara masa ranakun zuwa, ta rubuta magani, ta ba su lambar da za su kira a kowane lokaci idan tunanin ya taso. Ta ce kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan, ta kuma lissafa abubuwan da za a kawar daga gidan, Baba ya ce wannan aikinsa ne.

Suna zaune a benci suna jiran magani, tsoron Auta ya lafa, sai wutar ta dawo ninki biyu. Saura ƙiris! Saura ƙiris ta zama bazawara a wata takwas saboda dariyar Anti! Ta zaro tsohuwar wayar, ta zaɓi saƙonni goma sha ɗayan gaba ɗaya, ta ɗora lambar uwar mijin Anti. Yatsanta na kan wurin turawa Dogo ya leƙo.

"Mene ne wannan?"

Ta gaya masa duka, har da kwana ukun da ta yi a kasuwa. Tana faɗa kunya ta kama ta, don sai a lokacin ta ga inda hankalinta yake sanda mijinta ke yi mata sallama.

Ya dube ta. "Kin san yadda mutum yake ji idan abin da ya fi ɓoyewa ya shiga wayoyin mutane? Ni na sani. Kada ki yi wa kowa, Autata. Ko da ita ce."

"Ta kusa kashe ka!"

"Tana da 'ya'ya huɗu a gidan nan. Su me suka yi?"

Ta mayar da wayar jaka. Amma ba ta goge ba, kuma ba ta yi alkawari ba.

Bayan kwana biyu, da izininsa, ta bar shi tare da Baba ta tafi gidan Umma. Ta durƙusa, ta faɗi komai ba ƙari ba ragi: makullin, tambayar, amsar, likitar.

"Zuwan da ya yi ranar nan, Umma, har ya daɗe yana riƙe da ƙafarki, ba gaisuwa ba ce. Sallama ya zo yi miki."

Carbin hannun Umma ya faɗi. Ta dafe ƙirji ta fashe da kuka. "Wayyo ni! Ɗana ya zo yi mini bankwana, ni kuma ina tambayarsa ko ya rubuta takardar saki! Wayyo Allah, me na yi?"

Anti ta yi tsuru-tsuru, amma bakin bai mutu ba. "To ai ni wasa na yi. Wa ya san abin zai kai haka?"

"Anti, zo mu ɗan yi magana a waje."

A bakin get Auta ta danna wayar. Muryar Anti ta fito tar: "...tsohuwar nan mai baki kamar reza, wallahi da na yi jinyarta gara—" Auta ta tsayar.

Fuskar Anti ta koma kamar toka.

"Guda goma sha ɗaya ne," in ji Auta. "Ga lambar surukarki, ga ta mijinki, ga ta ƙannensa uku. Ni ma wasa zan yi."

"Auta! Ƙanwata, don girman Allah! Aurena, 'ya'yana—"

"Yau na zama ƙanwarki? Ban tura ba. Ban kuma ce ba zan tura ba." Ta gyara mayafinta ta tafi.

Kwana tara ta bar ta a haka. Anti ta kira har wayar ta yi zafi, Auta na kallo ba ta ɗauka. Saƙo ya shigo, "Filis ki yi haƙuri," ta karanta ta ajiye. Gaskiya kwanakin farko daɗi ta ji, daɗi sosai. Amma a hankali abin ya fara yi mata ɗaci. Tana raka Dogo asibiti tana ganin yadda yake kokawa da kansa don ya tashi, ita kuma ga ta tana kiwon ƙiyayya a cikin jaka kamar wata dukiya. Wata rana yana ba ta labarin abin da suka tattauna da likita, ta farga ba ta ji rabi ba, tana duba ko Anti ta sake kira. Wannan shi ne kuskuren da ya kusa cinye ta, ga shi tana maimaitawa.

A rana ta tara Anti ta yi sallama, ita da Umma. Ta rame, idanu sun faɗa. Ba ta kalli Auta ba, gaban ƙanenta ta wuce ta zube.

"Kwana tara ban runtsa ba," ta ce cikin kuka, "don tsoron kada mutum biyar su ji asirina. Mutum biyar kacal! Kai kuwa gari guda na nuna wa naka, ina dariya. Ko ta tura ko ba ta tura ba, na cancanta. Na bi duk wanda na sani gida-gida na sa ya goge, na je ofishinku na tsaya gaban abokan aikinka na ce ni ce na yi. Na san bai isa ba. Ka yafe mini, ƙanena."

Dogo ya ɗago ta. "Na yafe, Anti. Tashi, ke kika goya ni."

Umma ta jawo Auta jikinta. "'Yata, da kin bi maganata kin tafi, da yau ba ni da ɗa. Ki yafe wa tsohuwa."

Auta ta shiga ɗaki ta fito da wayar. A gaban Anti ta goge saƙonnin ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya.

"Na goge don shi ya roƙe ni, kuma don na gaji da ɗaukar ki a zuciyata. Yafiya kuwa, Anti, ki ba ni lokaci. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Na yarda," in ji Anti.

Lokacin ya ɗauki watanni. Haka ma jinyar Dogo: wani satin ya yi dariya, wani satin ya koma shiru, sau biyu sai da suka kira lambar da likita ta ba su. Auta ba ta gajiya, kuma ba ta jin kunyar tambayarsa ƙarara idan ta ga alama. Umma da kanta ta riƙa raka shi asibiti wasu ranakun, tana zama a benci da carbinta. Ya samu ƙarfin zuwa gidan Gajere ya gaya wa matarsa zancen musayar da suka yi. Matar ta yi kuka, ta ce, "Halinsa ne, ko da yaushe sai ya shige gaba. Ba kai ka kashe shi ba."

A wata na biyar ya koma aiki, da farko a ɗakin rediyo, daga baya ya koma mota. Shi da Baba Direba suka matsa wa Oga har ya yarda: duk bayan gobara mai muni, ma'aikata za su zauna a rufe ƙofa kowa ya faɗi abin da ya gani, kuma likita za ta riƙa zuwa ofis sau ɗaya a wata. Zaman farko mutum uku suka zo, suna ta kallon silin. Zama na huɗu kujeru ba su isa ba, kuma wanda ya fi kowa dariyar bidiyon nan shi ya fi kowa kuka.

Ranar da Dogo ya fara fita gobara bayan dawowarsa, Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Da yamma ya shigo yana warin hayaƙi, fuska duk baƙi.

"Yaya, Yallaɓai?"

"Na ji tsoro, Autata. Ƙafata har rawa ta yi a bakin ƙofar. Na gaya wa Baba, ya dafa ni, na shiga. Mun fito da wata tsohuwa da ranta." Ya share ido ya yi dariya. "Tana ta zagina wai na taka mata tabarma da takalmi!"

Auta ta rungume shi da hayaƙin da komai, tana kuka tana dariya.

Haka Allah Ya saka wa Auta da haƙurinta: ta tsira da mijinta, ta samu uwa a wurin surukarta, kuma daga baya ita da Anti suka koma gaisawa da zuciya ɗaya. Ku kuma masu karatu, ku riƙe wannan. Hawayen namiji ba abin dariya ba ne, kuma masu shiga wuta domin mu suna fitowa da ƙunar da ido ba ya gani. Idan naku ya yi shiru, ya fara rabar da kayansa yana neman yafiya ba dalili, ku ajiye duk wata rigima, ku zauna ku tambaye shi ƙarara, ku saurara, ku kai shi wurin masana a ranar. Ramuwa kuwa tana cinye hankalin mai ita a daidai lokacin da masoyinsa ya fi buƙatarsa. Allah Ya kare masu kare mu, Ya ba mu ikon lura da juna.